Darasi: Gyaran Muryar Mawaƙi da Kwamfuta

Ranar da kasuwa ke ci a Bichi, ko Ɗambatta, ko Badume, akwai rumfar da ba ta sayar da tiyar hatsi ko ɗaya amma ba ta rabo da cunkoso. Rumfar mai cajin waya ce, wanda kuma shi ne mai tura waƙoƙi a katin memori. Sifikarsa na ɗaure a jikin dirka tana ta kwarara waƙa tun hantsi: ta soyayya, ta biki, ta siyasa, ta begen Annabi (SAW). Wanda ya tsaya ya kasa kunne zai ji wani abu a muryar yawancin mawaƙan. Tana da sheƙi, ba ta kaucewa, kuma idan za ta hau sama sai ta yi tsalle farat ɗaya da 'yar karkarwa a ƙarshe, maimakon ta ja a hankali yadda maƙogwaron mutum ya saba.

Dattawa kan ce muryar inji ce. Ba su yi nisa da gaskiya ba. Muryar ta mutum ce, amma ta biya ta cikin wata manhajar kwamfuta kafin ta iso kunne. Wadda ta fi suna a irin waɗannan manhajoji ita ce Auto-Tune. Wannan darasi zai bayyana inda ta fito, da yadda take aiki, da abin da ya kamata mai son shiga situdiyo ya sani kafin ya zaro kuɗinsa.

Daga neman man fetur zuwa waƙa

Wanda ya ƙirƙiro ta ba mawaƙi ba ne. Injiniya ne ɗan Amurka, Dakta Andy Hildebrand, wanda ya yi aiki da kamfanin mai na Exxon. Aikinsa shi ne lissafin sautin da ake aikawa ƙarƙashin ƙasa: a buga sauti ya nutsa, ya daki duwatsu ya dawo, sai kwamfuta ta auna yadda ya dawo ta nuna inda ake sa ran samun mai. Da yake mutumin yana busa sarewar Turawa tun yana yaro, da ya bar harkar mai sai ya koma kan sauti na kiɗa. Ya sha ba da labarin cewa wata mata ce ta tsokane shi a wajen cin abinci, ta ce ya ƙera mata abin da zai sa ta riƙa rera waƙa daidai. Wasa ya zama gaske. A 1997 kamfaninsa, Antares, ya fitar da Auto-Tune kasuwa.

Niyyarsa ita ce a yi gyara a ɓoye. Mawaƙi ya rera baiti da kyau, sai wuri ɗaya muryarsa ta ɗan zame. Maimakon a sake ɗauka sau goma, a gyara wurin kawai, kowa ya huta. A shekarar farko haka aka riƙa yi, ba wanda ya ji komai.

Asiri ya tonu a 1998, lokacin da mawaƙiyar Amurka Cher ta fitar da waƙarta mai suna "Believe". Masu haɗa mata sauti a Ingila, Mark Taylor da Brian Rawling, sun murɗa saurin gyaran har ƙarshe, sai muryar ta fito tana karyewa tana tsalle. Waƙar ta karaɗe duniya. Da aka tambaye su yadda suka yi, sai suka ambaci wata na'ura daban don kada a gane sirrin. Daga baya mawaƙi T-Pain ya mai da wannan karkarwa tambarinsa tun daga 2005. Suka ma ta biyo baya: a 2009 mawaƙi Jay-Z ya yi waƙa sukutum yana yi wa manhajar fatan mutuwa, a 2010 kuma mujallar Time ta saka ta cikin ƙirƙire-ƙirƙire 50 mafi muni. Duk da haka ba ta mutu ba, sai ma yaɗuwa da ta yi.

Me take yi wa murya?

Idan mutum ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ja "aaa", zai ji wurin yana rawa. Wannan rawar ita ce tushen murya. In ta yi sauri murya ta yi sama, ta zama siririya; in ta yi jinkiri murya ta yi ƙasa, ta yi kauri. Muryar namiji a magana takan kaɗa wajen sau 100 zuwa 150 a daƙiƙa ɗaya, ta mace kuma wajen sau 200 zuwa 250. Abin da manhajar ke yi da farko shi ne ƙirga wannan kaɗawa.

Abu na biyu shi ne ta gwada abin da ta ƙirga da maɓallan fiyano. Duk wanda ya taɓa leƙa fiyano ya ga farare da baƙaƙen maɓallai. Guda 12 ne suke maimaita kansu, farare 7, baƙaƙe 5, kuma kowanne yana da adadin kaɗawarsa da ba ya canzawa. Akwai wanda yake kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, shi ne ma'aunin da ake saita kayan kiɗa da shi a yawancin duniya. Wanda ke ƙasa da shi yana wajen 415, na ƙasa da wannan kuma 392.

Manomi zai fi saurin gane abin idan ya tuna da kunyoyin gona. Maɓallan fiyano su ne kunyoyin, muryar mutum kuma ƙafa ce da za ta iya taka kan kunya, za ta kuma iya faɗawa kwari. Aikin manhajar shi ne duk lokacin da ƙafa ta faɗa kwari ta ɗauke ta ta ɗora kan kunyar da ta fi kusa.

A nan ne matsala ta farko take. Manhajar ba ta san inda mawaƙi ya nufa ba, inda ya fi kusa kawai ta sani. A ce ya nufi 440 sai muryarsa ta tsaya a 432. Za ta ɗaga shi zuwa 440, komai ya yi daidai. Amma in ya zame har 424, to ya fi kusa da 415, can za ta kai shi. Kuskuren da a da ɗan kaɗan ne yanzu ya zama cikakke, an kuma goge shi ya yi ƙyalli. Shi ya sa ƙwararren mai haɗa sauti yake fara gano kiy ɗin waƙar, wato rukunin sautukan da aka gina ta a kai, ya kashe sauran maɓallan da ba ta buƙata. Yawancin karin waƙoƙin Hausa a kan sautuka biyar suke yawo. In aka bar duka 12 a buɗe, muryar za ta riƙa faɗawa inda waƙar ba ta taɓa nufa ba.

Sai kuma maganar sauri. Akwai wani maɓalli a fuskar manhajar da ke ƙayyade tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta ja murya zuwa wurinta, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In an ba ta lokaci, gyaran yakan shige ba a ji ba. In an kai shi sifili, ba ta jira ko ƙiftawar ido, sai a sami wannan tsalle da karkarwa da ake ji a rumfar mai caji. Ashe dai muryar inji zaɓi ne na wanda ke zaune gaban kwamfuta. Yana iya sa ta, yana iya barin ta.

Akwai hanya ta biyu mai cin lokaci. Ana shimfiɗa muryar a fuskar kwamfuta, kowace gaɓa ta fito a zane, mai gyara ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga wannan yana sauke waccan da hannu. Manhajar Melodyne, wadda kamfanin Celemony na birnin Munich a Jamus ya fitar a 2001, ta yi fice a wannan aiki. Cubase da FL Studio, manhajojin da situdiyo da yawa ke haɗa kiɗa da su, kowacce tana da nata abin gyaran murya a ciki. Wannan hanya ta fi fitar da aiki mai kyau, amma mai situdiyon da mutum biyar ke jiran layi a barandarsa ba kasafai yake bin ta ba.

Yadda ta sami gindin zama a ƙasar Hausa

Fiyano ce ta share mata hanya. Fim ɗin bidiyo na Hausa na farko a Kano, Turmin Danya, ya fito a 1990. Kafin shekarun 1990 su ƙare, waƙa ta zama ginshiƙin fim, saboda masu kallo sun taso da finafinan Indiya. Situdiyon Iyan-Tama na daga cikin na farko da suka kawo fiyanon Yamaha don wannan aiki, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bayyana a bincikensa. A 1999 kamfanin Sarauniya ya fitar da fim ɗin Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed suka ja, waƙarsa ta shiga kowane lungu. A shekarar ce kuma Alhaji Mamman Shata ya rasu, ranar 18 ga Yuni.

Bambancin zamunnan biyu a fili yake. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammatarsa yana saki, sautin yana hawa yana sauka yana bin bakin Shata duk inda ya nufa. Fiyano ba ta bin kowa. Sautukanta a kafe suke, mawaƙi ne zai bi ta. Matasan da suka cika situdiyoyin Titin Gidan Zoo a Kano da yawansu suna da baiwar tsara baiti, amma ba su taso suna amshi a bayan wani makaɗi shekara da shekaru ba. Ga kuma salon siririyar muryar mata irin ta mawaƙiyar Indiya Lata Mangeshkar da ake so a kwaikwaya. Da kwamfuta ta shigo situdiyo, manhajar da za ta daidaita murya da fiyano ta zo daidai kan gaɓa. Ba a daɗe ba masu sauraro suka saba da sautin, har ya zama wani ɓangare na abin da ake kira waƙoƙin nanaye.

Sautin ya tsallaka iyaka. A 2008 wani matashin Buzu ɗan Jamhuriyar Nijar, mai kaɗa jita, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko a situdiyon Hausawa. An sa masa gyaran murya irin na waƙoƙin fim, alhali da harshen Buzaye yake rerawa. Sunan kundin Anar, matashin kuma shi ne Mdou Moctar. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a Nijar da Mali, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya ya saka ta a wani faifai a 2011. Yau Mdou Moctar yana wasa a manyan dandamali a Turai da Amurka. Kirkley ɗin ya zo Kano daga baya, a 2013 kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da faifan waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So. Abin da wasu a gida ke rainawa, shi ya ja kunnen baƙi.

A cikin ɗakin ɗauka

A ɗauki misalin saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Bagwai ko Makoɗa. An gama girbi, ya sayar da wake ko gyaɗa, abokinsa zai angwance bayan Sallah, shi kuma ya tsara masa waƙa da sunan ango da amarya da dangin kowa. Ya hau mota zuwa Kano da baitocinsa a littafi.

Situdiyon ɗaki ne ƙarami da aka raba biyu. Ɓangare ɗaya akwai kwamfuta, fiyano da sifiku biyu. Ɗaya ɓangaren ɗan ƙuƙumi ne da aka lulluɓe bangonsa da soso, an kafa makirfo a tsakiya, da gilashi tsakaninsa da mai kiɗa. Kafin a fara ɗauka ana kashe fanka, domin makirfo na jin komai. Zafi kuwa sai haƙuri. Mai kiɗa zai ce, "Malam, rera min amshin in ji." Saurayi ya rera, shi kuma yana lalube a kan fiyano har ya gano kiy ɗin da muryar ta zauna a kai. A kan wannan zai buga kiɗa, sannan a sa wa mawaƙi abin ji a kunne ya ɗora murya.

A wannan mataki ake yawan yin ɓarna. Baƙon situdiyo yakan ji kunya ya ce kiɗan ya yi masa sama. Sai ya yi ta maƙure wuya yana ƙoƙarin kamo shi, yana sa rai kwamfuta za ta gyara. Za ta ja muryar zuwa maɓallin, amma ba za ta cire wahalar da ke cikinta ba. In kuwa aka ja murya nesa da inda ta fito, sai namiji ya koma yana magana kamar ƙaramin yaro mai mura. Abin da ya dace shi ne tun farko ya ce, "Oga, a ɗan sauko da shi." Aikin minti ɗaya ne a kan fiyano.

Wani abin lura shi ne manhajar murya ɗaya take iya bi a lokaci guda. In aka tara 'yan amshi uku gaban makirfo ɗaya, ta rikice, ta rasa wanda za ta gyara. Dole a ɗauki kowa shi kaɗai. Haka in ƙarar janareto ta shigo, ko kiɗan da ke kunnen mawaƙi ya yi ƙarfi har makirfo ya ɗauka, muryar za ta riƙa ɓari a inda ba a so. Masu waƙoƙin Islamiyya da ke zuwa da ɗalibai goma su yi amshi tare, gara a bar muryoyin yaran yadda suke.

Inda ba ta da amfani, da inda take ɓarna

Ba ta gyara wanda ya riga kiɗa ko ya makara. Wannan aikin wani kayan ne daban. Ba ta ƙara wa mutum numfashi. Ba ta mai da "ƙ" ta fito ga wanda ya haɗiye ta. Baitin da ba shi da ma'ana kuwa, haka zai fito ba ma'ana.

Inda take ɓarna shi ne waƙar gargajiya. Mai gurmi irin marigayi Haruna Uji na Haɗeja, ko mai kuntigi irin Ɗan Maraya Jos, ko mai goge da kukuma, ba da fiyano yake saita tsarkiyarsa ba, da kunnensa da muryarsa yake saitawa. Sautukansa sukan faɗa tsakanin maɓallan fiyano, kuma da gangan ne. In aka ja muryar irin wannan mawaƙi zuwa ma'aunin fiyano aka bar gurmin a inda yake, sai su biyun su riƙa faɗa da juna. Haka jan murya da lanƙwasa ta da masu bege suke yi, wanda shi ne daɗin abin, saurin sifili yakan daddatsa shi gunduwa-gunduwa.

Ga kuma harshen kansa. Hausa tana rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya: kukan yaro daban, kukar miya daban, alhali baƙaƙen rubutunsu kusan ɗaya ne. Karin waƙar Hausa yawanci yana mutunta wannan hawa da sauka. Idan an saita manhajar ba daidai ba har ta ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka, Bahaushe zai ji kalmar ta zauna a karkace ko da bai san dalili ba.

Masu sukar manhajar suna cewa ta sa kowa ya zama mawaƙi, muryoyi kuma sun koma iri ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. An sha ganin wanda waƙarsa ke tashe a waya, amma in an miƙa masa makirfo a filin biki sai ya ce a saka faifai ya riƙa bi da baki. Sai dai sukar takan wuce gona da iri. Waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa a 2020, lokacin zaman gida na korona, kuma a wannan shekarar waƙoƙi barkatai sun fito daga situdiyoyi masu kayan aiki iri ɗaya ba wanda ya waiwaye su. Da kayan situdiyo ke yin waƙa, da duk sun yi tashe. Aminu Ala, Nura M. Inuwa da Fati Nijar a zamanin kwamfuta suka yi suna, kuma yaro ma yana bambance muryar kowannensu daga baitin farko.

Kafin a je situdiyo

Mai niyya ya haddace waƙarsa tun a gida, ya rera ta a gaban wanda ba zai ji nauyin gaya masa gaskiya ba. Ya ɗauki kansa a waya ya saurara, domin yadda mutum ke jin muryarsa a kansa daban yake da yadda jama'a ke ji. Wanda ke da babbar waya yana iya gwada manhajoji irin su Voloco ko BandLab don ya ji yadda gyaran yake, kafin ya kashe kuɗin mota. A situdiyo ya nemi a kunna masa muryarsa tsurarta, sannan a kunna wadda aka gyara, shi ya zaɓi yawan gyaran da yake so. Haƙƙinsa ne, shi ya biya. Ya kuma yi magana a kan kuɗi tun kafin a fara: na kiɗa nawa, na ɗauka nawa, na haɗawa nawa, kuma in ya dawo a sake gyara wani wuri za a ƙara caji ko a'a. Wanda zai fitar da waƙa kasuwa ya tuna cewa Jihar Kano tana da Hukumar Tace Finafinai, wadda ta fara aiki a 2001, kuma mawaƙa da situdiyoyi na ƙarƙashin kulawarta.

Matasan da ke son buɗe ɗan situdiyo a garuruwa irin su Bichi, Ɗambatta ko Minjibir, musamman yanzu da sola ta rage dogaro da janareto, su yi hattara da manhajojin sata da ake sakawa a kwamfuta kyauta. Sukan zo da cutar da ke lalata aikin mutane gaba ɗaya. Akwai na halal da ba a biyan ko kwabo, irin su GSnap da MAutoPitch, sun isa mai koyo ya fara da su.

Aikin aji

Malami ya zo da waƙa biyu a waya, ɗaya ta Barmani Coge ko Musa Ɗanƙwairo, ɗaya kuma ta zamani wadda ɗalibai suka zaɓa da kansu. A saurari minti ɗaya daga kowacce, sau biyu. Kowane ɗalibi ya ɗaga hannu a daidai inda ya ji murya ta hau sama, ya faɗi ko ja ta yi ko tsalle. Daga nan a rubuta jimla biyar a kan bambancin da aka ji, a kuma lissafa wannan: in sauti mai kaɗawa sau 440 ya ninka, nawa ya zama, in an raba shi biyu kuma nawa ya rage? Wanda ya taɓa shiga situdiyo a cikin ajin ya tashi ya ba 'yan'uwansa labarin yadda aka yi da shi, sauran kuma su yi masa tambayoyi.